Mashin a Gonar Gero

Ba zan taɓa mantawa ba da damunar da na zama gwanin tafiyar ƙasa a ofishinmu. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi da ke bakin garin Gummi, shekarun da mashinan Caina suka cika gari, kowa ya ga albashi sai ya sayi nasa. Ƙarƙashin darbejiyar ofis ba wurin sa ƙafa, ga hayaƙi, ga baƙin mai duk ya ɓata ƙasa.

Sai tsautsayi ya sa aka tura ni Gusau taron bita na kwana uku kan kare muhalli. Na dawo da sabuwar jaka da biro biyu, kaina ya kumbura. A taron ma'aikata na miƙe na kawo shawara: duk wanda ya ajiye mashin a harabar ofis ya biya naira ashirin a rana, a sayi dashen itatuwa da kuɗin. Wanda ya zo a ƙasa ko a keke ba ruwansa. Shugabanmu Alhaji Bawa (wanda direba ke saukewa ya juya da mota, don haka dokar ba ta taɓa shi ba) ya ce shawara ta yi. Har ya yi alkawarin sabon keke ga wanda ya fi kowa zuwa a ƙasa.

Malam Garba, tsohon akawunmu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai yaro, wurin aikin namu za mu biya ma haya? Kai da gidanku yaf fi na kowa nisa, da mi za ka zaka?"

"Da ƙafata, Malam," na ce, har da buga ƙirji.

Ban tsaya nan ba. Na sa aka buga 'yan takardu masu sunan ofis da rubutun "Mu rage hayaƙi", na bi mashinan mutane ina mannawa. Don nuna misali na fara da nawa, na ce daga yau ya tafi hutu.

Kwana uku na yi ina takawa da gaske, tafiyar awa ɗaya da rabi. Rana ta huɗu ƙafata ta yi bororo, na zauna bakin gado ina kallon mashin, shi ma kamar yana kallona. To, bayan ofis akwai wata gonar gero da ta fi tsawon mutum, an gama noma, ba mai shiga. Sai na riƙa biyowa ta bayan gari, in kashe inji, in tura mashin can tsakiyar gero in kulle. In ɗan yayyafa ruwa a goshi da wuyan riga, in shafa wa takalmi ƙasa, in shigo ofis ina haki. (Hakin nan har gwada shi na yi a gida, don kada ya yi yawa.)

Da ma na yi shiru da bakina. Ina! Kullum sai na tsaya bakin ƙofa ina yi wa masu biyan naira ashirin wa'azi, cewa tafiya na gyara jini. Haka na kwashe kusan wata biyu, sunana na gaba a littafin da maigadi ke rubuta masu zuwa a ƙasa.

Ranar ba da keke aka jera benci ƙarƙashin darbejiya, ga dashe a leda an jera, ga keke sabo fil an ɗaura masa ƙyalle. Alhaji Bawa ya kira ni in yi jawabi. Ina tsakiyar cewa, "Ni dai tun da aka kafa dokar nan ban buga mashin ba," sai muka ji ƙarar amalanke. Bijimai biyu suka shigo harabar a natse, wani dattijo na gaba da sanda. A kan amalanken, kwance cikin karan gero, an ɗaure shi tamau da igiya, mashin ɗina ne.

Ni da aka haifa gidan noma, na manta gero girbe shi ake yi.

"Salamu alaikum. Ranka shi daɗe," in ji dattijon, "gayya muka yi yau muna girbi, sai munka iske wanga mashin tsakar gona. Munka ce ɓarayi sunka ɓoye shi. Wani cikin 'yan gayya ya karanta takardag ga da anka manna, yac ce naku na."

Malam Garba ya tashi a hankali, ya je ya ɗora hannu a kan injin. Ya juyo ya dubi jama'a.

"Da sauran ɗumi nai."

Alhaji Bawa, Allah ya saka masa, ya so ya rufa min asiri: "Ko sace maka anka yi?" Wallahi na buɗe baki zan ce e. Sai dattijon ya ce ai ɓarawon ya daɗe yana shiga, har ya yi turba, ya tattake masa gero, kuma shi yana zargin maƙwabcin gonarsa, daga nan ma wurin mai unguwa za shi. Gumi ya karyo min, na gaske wannan karon. Na ga za a ɓata sunan bawan Allah saboda ƙafata mai bororo. Na sa hannu a aljihu na ciro makulli.

"Baba, ni ne ɓarawon."

Dariyar da aka yi, har bijimin hagu sai da ya razana. Maigadi ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Ni kuwa ina tsaye da takardar jawabi a hannu, na rasa inda zan sa idona.

Keken dai Malam Garba aka ba. Ashe shi, don kada ya biya ko sisi, kullum a ƙasa yake zuwa, yana tafe yana tsine wa dokar. Alhaji ya yanke cewa tunda gona na mayar wurin ajiya, mai gona zan biya. Baba ya ce ba ya son kuɗina, in dai zo ranar Asabar in taya su ɗaukar dami. Na je, na ɗauka har wuyana ya sage, 'yan gayya na tambayata ko in kawo mashin ɗin su ajiye min.

Dokar ba ta mutu ba, itatuwan ma suna nan sun yi inuwa, sai dai har na bar ofishin ba wanda ya kira ni da sunana, sai Mai Gero. Abin da na koya shi ne, kafin in kawo wa mutane doka in fara gwada ta a ƙafata mako guda ba tare da na gaya wa kowa ba. In kuma ƙarya ta zama dole, to kada in jingina ta da abin da za a girbe.