Ranar da Na Rina San Alhaji Bappa

Shekara ashirin ina haɗa tawada da ido, sai maigidana Oga Emeka ya kafa sabon injin buga hoto a shagonmu na Gwallaga. Injin yana da nasa idon, wata 'yar fitila da ke haska tawadar ruwa ta auna kaurinta.

Ranar da za mu buga wa Alhaji Bappa kalandar bikin 'yarsa, mai hotonsa dafe da farin san da yake ji da shi kamar ɗan fari, injin ya nuna jar tawada ta yi daidai. Ni kuwa na ɗebo a kwalba, na fita na ɗaga ta a rana. Ranar Bauchi fa, mai ratsa ko bargo! Na ga abu tsululu.

"Malam, bar injin ya yi aikinsa," in ji Oga.

"Haba Oga! Idon da uwa ta haifa ne zai bi na kamfani?"

Na ƙara ja. Injin ya hau kuka, na sake zubawa. Da ya ƙi shiru na kashe masa murya, na buga duka.

Ana gobe biki Alhaji ya zo karɓa. Sa ya fito jajir, kamar an tsoma shi a manja. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam," ya ce a hankali, "yanka shi kuka yi kafin ku buga?"

Haka aka raba wa baƙi, don lokaci ya ƙure. Har yau in na ratsa kasuwar shanu sai an tare ni: "Mai rini! Nawa kake yi wa saniya lalle?"