Rasuwar Zabuwa, Jirgin Baba Kyaftin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tashi ba, Baba Kyaftin, tsohon matuƙin jirgin sojan sama, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar jirginsa, Zabuwa. Ta cika jiya da hantsi a tsakiyar titin tashin jirage, baƙin hayaƙi yana tuɗaɗowa ta hancinta, shi kuma yana zaune a cikinta, wani abu mai gashi yana hawa ta ƙafar wandonsa.

Marigayiyar ta rasu tana da shekara hamsin da takwas. An sa mata Zabuwa ne saboda facin harsashi da ya yi mata ɗigo-ɗigo a ciki da fukafukai. Ba ta da raki. Ta taɓa dawo da shi gida da rabin wutsiya, mai yana tsiyaya, ba ta yi ƙorafi ba. Duk abin da aka sani daga bakinta shi ne "kuf, kuf, kuf" ɗin nan na safe, in ta gama ta ɗauki "ruuuu", ko kurma sai ya ɗaga kai.

Da Kyaftin ya yi ritaya, aka kai ta rumfar tsofaffin jirage, aka damƙa amanarta ga mai kula da rumfar, wani mai tumbi da tarin makullai. Shekara talatin tsohon yana roƙon a bar shi ya sake tashi da ita ko sau ɗaya. Sai bana, yana da tamanin da ɗaya, likita ya sa hannu, ya ce rana ɗaya tak, don idon hagu ya fara hazo. Mai rumfa ya rantse ya kuma rantsewa cewa lafiyarta garau.

Ashe garau ɗin fenti ne. Fentin bango ya samo, kore shar, ya lafta mata har kan tabon yaƙinta. A ciki kuwa dusar kajinsa yake ɓoyewa shekara da shekaru, ɓeraye suka kafa gari, suka yi aure, suka haihu, suka binne matattunsu a injin.

Kyaftin ya zo cikin tsohon kakinsa da 'yarsa ta buɗa masa a kugu. Ya ji ɗoyi tun daga tsani, ya ɗauka tsufa ne, tunda shi ma ba ƙamshi yake yi ba. Ya tayar da ita. Ta yi tari uku, ta ɗauki gudu kamar budurwa, har hawaye ya zo masa. Ba su kai rabin titi ba injin ya fara gasa abin da ke cikinsa. Farfela ta watso gashi da guntayen jela a gilashi. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ƙiiii... tuf."

Mutumin da bai taɓa dirowa daga jirgi ba ana ruwan wuta, jiya ya diro a gaban 'ya'ya da jikoki da abokan yaƙinsa, yana tsalle yana kakkaɓe wando. Tir! Har yanzu ko ruwa ya kurɓa sai ya ji ƙauri.

Ta rasu ta bar farfela guda, tayoyi uku, ɗaya a sace, da kujerar da ta ɗauki siffar mazaunan maigidanta. Ta kuma bar marayun ɓeraye da ba a ƙidaya ba, waɗanda iyali ba su amince da dangantakarsu ba.

An shirya jana'iza gobe da ƙarfe goma. Za a wanke ta da ruwan zafi da kananzir har koren nan ya fita, a ja ta da hannu zuwa ƙarshen fili, a lulluɓe ta da tamfol. Masu zuwa su taho da hankici. Mai rumfa kada ya zo. In ya zama dole, ya tsaya inda jifa ba ya kaiwa.

Sai dai ana cikin rubuta wannan sanarwa wata babbar mota ta tsaya a bakin fili. Wani baƙo ya sauko da tukunyar gas da abin yankan ƙarfe, da takardar sayar da ita mai sa hannun mai rumfa. Maƙerin tukwane ne. Ya ƙwanƙwasa fiffikenta, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana, ya yi murmushi.

Kyaftin ya ɗaure hanci, ya hau tsani, ya koma kujerarsa, ya ja murfin gilashi ya kulle ta ciki. Saboda haka an dawo da jana'iza yau, yanzu. Duk tsohon sojan da ƙafarsa ke iya ɗaukarsa ya taho, kuma kada ya manta sandarsa.