Gidana na Bakin Teku da Katangar Masu Girma

Yau da hantsi ina zaune a mota a unguwar Murabba, nan Riyad, ina jiran matar kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi, ta fito daga kanti, sai waya ta shigo daga gida Najeriya. Jami'in kamfanin inshora ne, wani Malam Kamil mai sanyin murya. Ya ce sun duba takarduna, ba za su karɓi gidana ba. Na daka masa tsawa, "To ina kuke so in kai shi?" Daidai lokacin baiwar Allah ta buɗe ƙofar mota da ledojinta. Ta zaci da ita nake. Daga nan har Badi'a ina ba da haƙuri da guntun Larabcina, ita kuwa ba abin da take cewa sai "Yalla, yalla."

Jama'a, laifin farko nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyad, idona bai ga ruwan da ya wuce na gora ba. Sai na yi alkawari in Allah ya hore mini, zan gina gida inda zan buɗe taga in ga teku. Da na samu fili a bakin teku, matata Safiyatu, wadda a can kudu aka haife ta, ta ce, "Baban Rahma, mutanen wurin nan fa tashi suke yi." Na ce mata ba ta san ci gaba ba, na sa aka gina gidan. Na tura mata bidiyon Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle yana buɗe katangar da za ta tare teku. Sau uku aka buɗe katangar nan, kuma kowane karo ni ne na fara yaɗa bidiyon a zaurukan waya, har da "Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya."

Watan jiya guguwa ta ɗauke rufin maƙwabcinmu ta dire shi a filin ƙwallo. Ruwa ya shigo mana har gwiwa, Safiyatu ta ɗora yara a kan tebur tana riƙe da su har ya janye. Da ta kira ni ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mun ga tekun, ya ma shigo gaisuwa. Ka nemo mana inshora."

Kamfani tara na kira. Bakwai da jin sunan unguwar sai layi ya lalace. Na takwas ya ce zai rufa mini asiri a kan gobara da sata kaɗai. Gobara, a gidan da ko ashana ba ta kamawa! Na tara shi ne su Malam Kamil. Suka ce ba matsala, in kawo takardar hukuma mai shaida cewa katangar tana nan.

A nan dole in yaba wa Masu Girma. Ofishin da ake shekara kafin a sa hannu, kwana biyu kacal suka ba Safiyatu takarda mai hatimi uku: an kammala katanga, ɗari bisa ɗari. Na yi murna har na saya wa abokin ɗakina Yacouba shayi. Mutumin Nijar ne, dabino yake sayarwa a kasuwar Utaiƙa.

Ya kurɓa ya ce, "Ubale, kai ka taɓa ganin katangar da idonka?"

Na ce, "Na gan ta a waya."

Ya ce, "Ni ma na ga Aljeriya a waya, ban taɓa kwana can ba."

Kamfani ya tura mai dubawa. Ya zaga bakin ruwa, ya tarar da allon sanarwa da hoton Mai Girma yana murmushi, sai duwatsu jere guda inda mata ke shanya kifi. Ya tambayi Safiyatu ina katangar. Ta miƙa masa takardar. Wayar da na samu yau ke nan.

Da na sauke matar kafil na kira Safiyatu, na ce ta koma ofishin, tunda ba katanga, a sa mu cikin jerin masu samun agajin ambaliya. Ashe ta riga ni, tun jiya ta je. Babban Mai Riƙon Hatimi ya duba littafinsa ya ce, "Hajiya, unguwarku ai tana da katanga. Agaji na marasa kariya ne. Ke da kanki kika karɓi shaida."

To ga inda muke. A wurin kamfani ba mu da katanga, a wurin hukuma muna da ita, teku kuwa bai nemi takardar kowa ba. Safiyatu ta kwashe yara ta kai gidan yayanta a kan tudu, tana zuwa da rana tana jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Yacouba ya ce in sayar da gidan. Na ce wa zai saya? Ya ce in nemi wani direban da ya daɗe a Riyad.

Yanzu kuma labari ya zo cewa Masu Girma za su dawo wata mai zuwa, bikin ƙaddamar da yi wa katangar fenti. Na ce wa Safiyatu ta je da wuri ta yi tafi sosai. In an watse, ta roƙi a bar mana tamfol ɗin rumfar, ko ma samu na rufe ɗakin yara.