Ashirin da Tara ga Yuli, Mallakin Alhaji Maharazu

Na dawo gida daga karatu da wata shakka a raina. A can an koya mana cewa kowace rana a kalanda tana da kayanta: yaƙin da aka gwabza a cikinta, babban mutumin da aka haifa, da wanda ya mutu. Ni kuwa a ganina rana dai rana ce, ta fito ta faɗi, mutane ne suke ɗora mata kaya daga baya. Ina cikin wannan shakka Allah ya haɗa ni da mutumin da ya fi kowa sanin darajar rana a duk Jibiya, wato Alhaji Maharazu, wanda 'yan tasha suke kira Alhaji Kalanda idan ya ba da baya.

Mutum ne da ba a cika samun irinsa ba. Da kamasho ya fara a tasha, amma da arzikin man fetur ya ɓarke, kafin a ankara motocinsa ne ke jigilar siminti da atamfa zuwa Maraɗi. Agogo biyu yake ɗaurawa, na dama na Nijeriya, na hagu na Nijar. Lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne, amma Alhaji ya ce babban mutum ba ya haɗa harkar ƙasa da ƙasa a hannu guda. Ba ya ganin fili a zaune ya wuce. Duk inda ciyawa ta tsiro ba mai tsaronta, gobe za ka tarar da turakunsa.

Abu ɗaya ne ya hana wannan bawan Allah sakat. Kowace safiya akwai wani shiri a rediyo da ake lissafo abubuwan da suka faru a rana irin ta yau. Alhaji yakan saurara da kofin shayi a hannu, fuskarsa tana ƙara yamutsewa.

"Ku ji fa," yakan ce da masu zaman ƙofarsa. "Turawa da sarakunan da suka daɗe da zama ƙasa sun rabe ranakun nan kaf. Mu da muke da rai da motoci ba a bar mana ko guda ba."

Sai ya yi abin da ya saba. Ya shiga neman ranar da ba ta da mai ita. Shekara guda yana kasa kunne, kullum a kira sunan wani. Ran ashirin da tara ga Yuli, 1974, ya kunna rediyo, bai ji komai ba. Batir ne ya mutu, amma Alhaji ba mutum ba ne da zai tsaya a kan ƙananan dalilai. Ya tabbata ya samu fili.

Ya aika a kira ni, a matsayin wanda ya yi boko, in tabbatar masa. Na ce, cikin ladabi, ranar nan tana da tarihi, don a cikinta sojoji suka yi juyin mulki a 1966.

"Malam, karatunka bai kai nan ba," in ji shi. "Soja sun ci sun tashi. Fili idan mai shi ya yi shekaru bai leƙo ba, na wanda ya kewaye ne."

Ya fara da mayar da ranar haihuwarsa zuwa wannan rana. Mahaifiyarsa ta sha faɗi cewa bayan girbi ta haife shi, ana cikin sussuka. Alhaji ya ce tsufa ne, a yi mata uzuri.

Daga sauraren da ya yi, ya gano cewa rana ba ta shiga rediyo sai ta cika sharaɗi uku: babban al'amari, haihuwa, da mutuwa. Ya ɗaura niyyar haɗa su duka a shekara mai zuwa. Babban al'amari yana hannu, don ya gina gidan mai a bakin iyaka, famfo biyu jajaye. Tun bazara aka gama shi, amma ya sa kwaɗo ya rufe. Direbobi suna tura motocinsu ta gabansa, mai ya ƙare musu, tankuna kuwa cike a ƙasa suna jiran tarihi.

Haihuwa ma ya yi tanadinta, don matarsa Sakinatu tana da tsohon ciki, kuma likita a Katsina ya ce ƙarshen Yuli. Sai dai jaririyar ba ta da labarin tsarin. Ran Asabar ta iso, Talata ce ranar Alhaji. Kafin ya farga, ungozoma ta rangaɗa guɗar da aka ji har tasha. Ya aika cikin gida cewa a dakata da murna, haihuwar nan ba ta fara aiki ba sai Talata. Sakinatu ta ce a gaya wa Alhaji, in mayar da ita yake so a yi, ya shigo ya mayar da kansa. Bai shiga ba. Ya ce ba komai, ai akwai tasa haihuwar, kuma ta fi nauyi.

Saura mutuwa. A nan ne basirar Alhaji ta fito fili.

Yana da ƙanin uba a Bugaje, Baffa Lado, tsoho tukuf, wanda ciwo ya kwantar tun kafin ruwan fari. Dangi har sun fara magana ƙasa-ƙasa a bakin ɗakinsa. Shekaru Alhaji bai taka garin ba, amma da ya ji labari, zumunci ya motsa masa. Ya je da Fijo, ya duba tsohon, gabansa ya faɗi. A yadda ya gan shi, ba zai kai Yuli ba.

"Ni ba fata nake yi ba," ya bayyana wa mutanensa a hanya. "Rai na Allah ne. Amma in dai za a yi abu, a yi shi a kan tsari."

Ya ɗauko Baffa zuwa Jibiya, ya ba shi ɗaki mai katifa. Ya ɗauki malamin asibiti yana zuwa yi masa allura. Da safe madarar gwangwani da ƙwai, da rana gasasshiyar hanta, da yamma farfesun kaza. Da yake kuma rediyo ba ta ambaton mutuwar kowa da kowa, sai ya ɗauki maroƙi ya riƙa tsayawa a taga yana kiran tsohon Garkuwan Iyaka, gwarzon da ya razana Faransa. Baffa, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Katsina ce, yakan gyaɗa kai ya ce haka aka yi.

Kullum Alhaji yakan leƙa. "Baffa, ya jiki?"

"Da sauƙi, Maharazu. Allah shi yi maka albarka."

Da farko amsar tana yi masa daɗi. Da Yuli ya kama, sai ta fara yi masa ɗaci. Baffa ya tashi zaune. Baffa ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Wata rana aka ji shi yana tambayar ko bazawarar da ke maƙwabtaka tana da mai nema.

Ana jibi bikin buɗe gidan mai, Alhaji ya ga ya kamata a yi wa tsohon tuni a fakaice. Ya shiga da farin yadi mai tsada, ya ajiye kusa da katifa, ya yi ɗan wa'azi a kan cewa duniya ba matabbata ba ce. Baffa ya saurara da natsuwa, ya murza yadin da yatsu, ya yaba kyansa. Alhaji na fita, ya aika wa tela.

Ranar Talata gari ya waye da rumfuna a gaban gidan mai, an yanka raguna, an jera kujeru. Manyan baƙi daga Maraɗi suna hanya da makaɗansu, kuma wani ma'aikacin rediyo ya yi alkawarin zuwa daga Kaduna da na'urar ɗaukar magana. Alhaji ya sa babbar riga mai aska takwas, ya saka sabon batir, ya kunna rediyo don ya ji ranarsa a zaune ba kowa, karo na ƙarshe.

Sai ya ji kiɗan soja. Bayan kiɗan wata murya ta ce gwamnati ta faɗi, an rufe iyakokin ƙasa sai abin da hali ya yi.

Ya isa shingen iyaka yana haki. An sauke ƙarfe, wani kofur yana tsaye da bindiga. Can ƙetare, ga motocin baƙinsa a jere, jandarmomin Nijar sun tare su.

"Samari, ka san ko ni wane ne?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"To yau ranata ce. Tun bara na kama ta. Wa ya ba ku izinin yin juyin mulki a ciki?"

Kofur ya ce shi dai umarni aka ba shi, in Alhaji yana da ƙorafi ya kai Legas.

Da ƙaramin mutum ne, da ya koma gida. Alhaji kuwa ya sa aka kawo lasifika, ya hau kan bencin 'yan kwastan, ya fuskanci Nijar.

"Ya ku jama'ar ƙasashen biyu! A rana irin ta yau aka haifi wanda yake magana da ku. A rana irin ta yau ya buɗe wa Afirka famfo biyu. Jikokinku za su tambaye ku ina kuke a wannan rana, ku ce muna nan, mun gani da idonmu!"

Iska tana kaɗowa daga arewa, saboda haka baƙin ba su ji ko kalma ba. Makaɗan dai da suka ga bakinsa ya tsaya, sai suka buga. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, Maraɗi ta juya gida. Mutumin Kaduna bai zo ba. Gidan mai ya buɗe, amma ba motar da ke zuwa ko'ina, sai wata tsohuwa da ta zo da kwalba tana tambayar kananzir. Naman ragunan kuwa, direbobin da rufe iyaka ya rutsa da su ne suka taimaka da shi, su da kofur.

Kafin la'asar Alhaji ya farfaɗo, don irinsu ba sa daɗewa a ƙasa.

"Kun gani ko?" ya ce da 'yan rumfa. "Ranar da na zaɓa, gwamnati ma ba ta iya tsayuwa a cikinta ba."

Ya tambaya ko an rasa wani babba a juyin mulkin. Aka ce ko ɗigon jini ba a zubar ba. Ya yi tsaki, ya juya. Ga Baffa Lado a kujerar gaba, cikin sabuwar farar riga, yana fama da haƙarƙarin rago.

Da shekara ta zagayo, rediyo ta ambaci ashirin da tara ga Yuli, ta daɗe tana magana a kanta. Ba ta ambaci famfo ko ɗaya ba. Alhaji ya yi nazari, ya gano inda matsalar take: sharaɗi na uku ne bai cika ba. Don haka Baffa bai koma Bugaje ba. Kowace shekara, da ruwan fari ya sauka, sai ya kwanta yana nishi, a kira malamin asibiti, a hura wutar gashi. Da Agusta ya kama, sai ya miƙe. Bazawarar nan ma ya aure ta, Alhaji ne ya yi hidimar.

A damina ta uku na je gaishe shi. Na same shi kwance, ya ja bargo har wuya, idanunsa kuwa tar. Da muka rage mu biyu, na matsa kusa.

"Baffa, ka kuwa san abin da Alhaji yake jira daga gare ka?"

Ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Mi zai hana in sani, ɗan nan? Tun ran da ya kawo yadi na gane. Amma duba, na tsufa a Bugaje ba wanda ya taɓa tambayata ko na kwana lahiya. Yanzu Alhaji guda, da agogo biyu, shi ka zuwa da kainai kullum safe. Gaggawar mi nike? Na dai ce mashi ya yi haƙuri, baɗi in Allah ya kai mu."