Agogon Mai Buɗe Ruwa

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Nasiru ba. Shi ya yi amarya, amma ni aka kwana ana zance.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kura. Abin da aka san ni da shi biyu ne. Na farko, ƙaryata labarin aljanu da fatalwa a gaban allo. Na biyu, tara tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda ake murɗawa da hannu su yi aiki, ba masu batir ba. Ina da guda tara a cikin gwangwanin alawa (huɗu ne ke aiki, sauran muna dai zaman mutunci). Amma akwai wanda na daɗe ina mafarki: mai ƙananan fuskoki a cikin babbar fuska, da madanni biyu a gefe. Masu harkar suna ce masa kuronogiraf. In ka danna na sama, wani dogon siririn tsinke ya fara zagaye yana auna lokaci. In ka sake dannawa ya tsaya. Na ƙasa kuma ya mayar da shi saman fuska. In ba ka taɓa shi ba, ko shekara zai yi ba ya motsi. Ku riƙe wannan.

Wata ranar kasuwa Ɗan'azumi mai gyaran agogo ya yafito ni. Ya buɗe wani tsumma, sai ga su guda biyu. Ɗaya ɗan Japan, fes da shi, komai na aiki. Ɗayan ya tsufa, fuskarsa ta yi kalar ruwan shayi, gilashin da ɗan tsagu a gefe. Mai hankali ya san wanda zai ɗauka. Ni kuwa na kara tsohon a kunne, na ji yana bugawa a hankali kamar numfashin mai barci.

"Wannan na waye?"

"Na wani mai buɗe ruwa ne a wajen Bunkure," in ji Ɗan'azumi. "Tun ana haƙa kanal ɗin ban-ruwa wani injiniya ya ba shi. Da shi yake auna ruwan da zai sakar wa kowane layin gonaki. Shekara da shekaru." Ya girgiza kai. "Bara ruwa ya ci shi. Allah sarki."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ɗan'azumi ya riga ya juya wajen wani mai ciniki, bai ma ji ni ba. Na ɗauki tsohon, har ina jin daɗi wai na samu mai tarihi.

Washegari na idar da sallar Azahar a masallacin makaranta, na duba lokaci. Dogon tsinken yana tafiya.

Ban taɓa shi ba. Na san ban taɓa shi ba. Na tsayar da shi, na mayar, na ce ai tsohon inji ne. Bayan La'asar na sake dubawa. Wannan karon ya yi tafiya ya tsaya da kansa, kamar wani ya auna abu ya gama. Sai na fara lura. In ina aji, shiru. In ina kan babur, shiru. In na ajiye shi a gwangwani, shiru. Amma da na yi sallama daga salla na kalli hannuna, sai in tarar an taɓa shi.

Kwana goma ana haka. Na daina barin sa a ɗakin kwana. Na fara saka mai agogon a addu'a, mutumin da ko sunansa ban sani ba. In na bi ta gadar kanal a babur, ba na kallon ruwan. Rannan ma sadakar ƙosai na yi masa (ni ɗin nan da nake ce wa ɗalibai duk abin da ya motsa akwai abin da ya motsa shi). Amma ban gaya wa kowa ba, kuma ban daina ɗaurawa ba, don kyansa ya fi ƙarfina.

To, ranar Asabar aka ɗaura auren Nasiru a wani ƙauye bayan Bunkure. Na ci shadda ruwan sararin samaniya, babbar riga da hula, agogo a hannu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, mutane maƙil, har da iyayen ɗalibaina. Aka yi Azahar, aka ce ana jiran waliyyin amarya. Ni kuwa sai na zame na zaga bayan masallaci don in duba agogona inda ba mai ganina.

Bayan masallacin wata siririyar hanya ce a bakin ƙaramin kanal. Rana tsaka, amma wurin duhu-duhu saboda itatuwan mangwaro. Hayaniyar mutane ta yanke kamar an rufe ƙofa. Ba abin da ake ji sai gurnanin ruwa yana ratsa wata tsohuwar ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Gonakin shinkafa shar har iyakar gani, babu ko mutum ɗaya. Na janye hannun riga.

Yana tafiya.

Ina tsaye ina kallonsa sai na ji sallama a bayana, murya ƙasa-ƙasa. Na waiga. Wani dogon tsoho ne siriri cikin fararen kaya. Ban ji tahowarsa ba. Gemunsa yana ɗigar da ruwa. Hannuwansa jiƙe, ƙafafunsa jiƙe, bakin wandonsa jiƙe. Ba ni yake kallo ba, hannuna yake kallo.

"Ɗana," ya ce, "wannan ai agogona ne."

Na ja da baya. Ya matso taku ɗaya, ya miƙo jiƙaƙƙen yatsa.

"Ga tsagun nan. A kan ƙofar ruwan nan na buga shi. Yana dai tashi da kansa, ko?"

Jama'a, ban san lokacin da na cire takalma ba. Na dai ga kaina a guje, babbar riga tana tashi kamar tuta. Na karyo kwanar masallaci ina ihu da iyakar muryata: "Innalillahi! Fatalwa! Wanda ruwa ya ci ya dawo!" Na taka farantin goro, na haura ta kan wani dattijo, mutane suka watse. Wasu ma suka bi ni da gudun ba su san me ake gudu ba. Na waiga na ga farin tsohon ya ɓullo yana tahowa a nutse. Wannan waigen ne ya kai ni. Kanal ɗin ashe ya zagayo ta gaban filin. Na ji ƙasa ta ƙare.

Ruwan iya gwiwa ne. Amma zama na yi a ciki daɓas, taɓo har wuya, hulata tana bin ruwa za ta Kadawa. Hannun hagu kuwa na ɗaga shi sama cak, kada agogo ya jiƙe. (Har yau wannan ne ya fi ba Nasiru dariya: wai ina gudun mai kaya, ina kuma tsare masa kayansa.)

Mutane suka yi layi a baki suna kallona. Sai na ji liman yana cewa, "Yauwa, ga ma Malam Sule ya iso. Malam, kai muke jira."

Ashe tsohon nan shi ne waliyyin amarya. Baffanta. Alwala ya tsaya sabuntawa a bakin kanal.

Shi da kansa ya miƙo hannu ya jawo ni. Hannun da ɗumi, da ƙarfi kuma. Na ce, "Baba, an ce min ruwa ya ci ku."

"Ya ci ni mana," ya ce. "Ambaliyar bara ta share min shinkafa kaf, ko tiya ban ɗauka ba. Shi ya sa na rabu da agogon. Amma ni kam ga ni."

Wani daga baya ya ce, "Ai malamin kimiyyar su Abba ne!" Dariyar da aka danne ta fashe gaba ɗaya. Tsohon bai yi ba. Ya kama hannuna ya lanƙwasa shi baya, kamar yadda yake in an dafa ƙasa. Muka ji ƙas. Tsinken ya tsaya.

"Madannin ya saki. In ka yi sujada, bayan hannunka ke danna shi. Matsar da shi sama kaɗan, ko ka cire in za ka yi salla. Ni ma ya taɓa ba ni tsoro." Ya saki hannuna. "Amma ban yi gudu ba."

Haka aka ɗaura aure ina zaune a gefe cikin aron jallabiyar ladan, wadda ta tsaya min a ƙwauri. Da aka shafa fatiha na kwance agogon na miƙa masa da hannu biyu, don kunya da tausayi. Ya karɓa, ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare, idonsa a kan gonakin. Sannan ya mayar min.

"Riƙe, ɗana. Ka saya da halalinka. Wanda ya faɗa ruwa bai bar shi ya jiƙe ba, ai ya fi ni iya riƙonsa."

Na gaya masa har sadakar ƙosai na yi masa. A nan ne ya yi dariya, har da riƙe ciki. Ya ce nan gaba in kawo masa ƙosan hannu da hannu, ya fi saurin isa.

Ina kai masa kuwa, lokaci-lokaci. Kuma daga ranar, duk tsohon da ya yi min sallama, ko daga cikin ruwa ya fito, amsawa nake fara yi. In gudun ya zama dole, to a ƙalla in kalli gabana.