Yadda Za Ka Tsira da Mutunci Bayan Ka Karanta wa Ɓarawo Lambar Sirri

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari mutuncinka zai tsira, ko da asusunka bai tsira ba. Wurin maƙwabcina Baburao Ghorpade na koya, manomin rake a Sangli, ɗan kwamitin bankinmu na haɗin gwiwa. Rupi dubu casa'in ne a asusunsa, na sayen ɓaunar tatsa da ya yi wa matarsa Sulochana alkawari.

1. Girmama mai kira

Idan aka ce "Saheb, ranka ya daɗe, daga babban ofishin banki ne, katinka zai mutu yau," miƙe tsaye. Baburao ya karanta lambar kati da ta sirri sau biyu, don kada bawan Allah ya yi kuskure. Har gaisuwa ya aika wa manaja.

2. Kifa wayar

Saƙo zai shigo cewa dubu ashirin sun tafi. Yi da wayar yadda Baburao ya yi. Kifa ta, ka ci abincinka. Kuɗin da ba ka kalla ba bai gama ɓata ba.

3. Duba wa ke teburin ƙorafi

Ƙa'idar a fili take: tunda kai ka ba da lamba, abin da ya fita kafin ka kai rahoto asararka ce, na bayan rahoto kuwa ta banki. Marasa kunya su ke ruga da gudu. Amma a teburin nan Mangal ce, ƙanwar matarka, wadda ta tafa maka a taron shekara lokacin da ka ce sai sakarai ke ba da lambarsa. Dakata tukuna.

4. Je banki, yi zancen damina

"Bhauji, lafiya kake zufa haka?" in ji Mangal, don haka take kiran mijin yayarta.

"Shayinku ne ya cika citta," in ji Baburao. Ya sha kofi biyu, ya yaba sabon fenti, ya tafi.

5. Faɗi gaskiya idan an gama kwashewa

Ranar Juma'a Baburao ya raɗa wa Mangal. Ta dafe kai.

"Haba Bhauji! Litinin da kake shan shayi saura dubu saba'in! Kalma ɗaya, da na rufe katin nan take. Kuma kai ne na uku a kwamiti da aka yi wa haka wannan watan. Kowa ya zo sai ya yaba fenti."

"Kada Sulochana ta ji."

"Daga bakina ba za ta ji ba. Amma yi sauri, tun safe Tai, yayar tawa, ta kira kafinta."

Ya isa gida ya tarar an kafa rumfa, ga sabuwar igiya, ga bokitin tatsa yana ƙyalli. Sulochana ta fito da murmushi: "Wane suna za mu sa mata?"

Gargaɗi: marubuci ba ya ɗaukar alhakin ɓauna, aure ko kwana a rumfa. Kada kuma ka kawo mini kuka, ni ne na biyu a kwamitin.