Ranar da Na Fesa wa Surukina Dawa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na yi wa surukina feshi, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

Ni mutum ne mai tsari. A Sabon Birni kowa ya san gonata, masara zalla nake shukawa, layi a miƙe. Da ta tsiro, ciyawa ta taso, sai in fesa maganin nan mai zaɓe, wanda yake kashe ciyawa ya bar masara. Ban taɓa yin kuskure ba, kuma ban taɓa fasa gaya wa mutane haka ba.

A shekarar, ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifin matata a Masanawa, ciyawar harƙiya ta rufe masa masara. 'Ya'yansa suna shirin kiran gayya da fartanya, na aika musu cewa kada wanda ya wahalar da kansa, ina zuwa da famfona.

Na yi komai bi da bi. Na farko, na wanke famfon tas. Na biyu, na tace ruwa. Na uku, na auna magani da murfinsa. Na huɗu, na jira raɓa ta bushe, na tabbatar babu iska. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin ɗorawa, na je na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, muka gaisa.

"Malam, shi wannan maganin ba ya taɓa amfanin gona?" in ji shi.

"Ko kaɗan, Baba. Ciyawa kawai ya sani."

Sai Sale ya sa baki. Sale ƙanin matata ne, ɗan acaɓa, wanda bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba.

"Mijin Yaya, dawar fa? Ka ga kaura a tsakanin layukan, ba ta daɗe da fitowa ba."

Na ganta sarai. Amma a gaban surukina ɗan acaɓa zai koya mini feshi? Na galla masa harara na ce, "Dawa da masara ai dangi ne. Abin da ya bar wannan zai bar waccan. Kai dai je ka ɗebo ruwa."

(Ban taɓa fesa shi a kan dawa ba. Mai shagon da ya sayar mini bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba, takardar jikin kwalbar ma ban karanta ta ƙare ba.)

Baba ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar ya rufe. Wane dattijo ne zai musa wa mijin 'yarsa a gaban mutane? Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ubana ne, da ya ce, "Kai, sauke famfon nan!" shi ke nan an huta. Kunya ta hana shi, girman kai ya hana ni. Na bi gonar layi-layi, ban tsallake ko taku ɗaya ba.

Wannan kaurar kuwa ita ce tuwon gidan. Masara ta sayarwa ce. Irin ma surukata ce take ɓoye shi shekara da shekaru.

Da na ƙiyasta magani ya gama aiki, ban koma ni kaɗai ba. Na kwaso maƙwabtana daga Sabon Birni, waɗanda suka ƙi jin maganata a kan feshi, don su gani da idonsu. Muna tafe ina yi musu bayani, na farko kaza, na biyu kaza.

Muka isa. Masara kore shar. Harƙiya ta mutu. Dawa kuma ta yi ja, ta lanƙwashe, ta bushe tun daga wannan iyaka har waccan. Ko ɗaya ban bari ba, saboda ni ba na aiki rabi.

Sale yana kan babur ɗinsa yana jiranmu.

"Jama'a, ku matso ku ga dangi! Mijin Yaya, na nawa ne wannan a tsarin, na biyar?"

Maƙwabtana suka juya baya, kafaɗunsu suna rawa. Sai ga Baba yana ɗingishi da sanda. Na zube. Na so ya zage ni, wallahi na so. Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Gona ta yi fes."

Na sake shuka dawar da hannuna, amma lokaci ya ƙure, ba ta yi abin kirki ba. Na sayo dawa na kai musu, Baba ya yi godiya ya ce a raba wa maƙwabta.

Shekarar nan duk zuwan da na yi, tuwon masara ake kawo mana. Baba ba ya son tuwon masara, kowa ya sani. Yana ci, yana cewa, "Bismillah, Malam, ƙara."

Yanzu na gyara tsarina. Wanke famfo ya koma na biyu. Na farko shi ne, in ɗan acaɓa ya ce "dawar fa?" in sauke famfo in saurare shi, ko da raina yana tafasa.